Amsoshin Wasiƙunku: A Ceci Kaset Ɗin Bidiyo Tun Ana Samun Injin Kunna Shi

  A wannan mako jakar tamu ta zo da wasiƙu uku daga yanki guda, ɗaya daga Bakura, ɗaya daga Talata Mafara, ɗaya kuma daga ƙasar Maradun, kuma dukkansu a kan abu ɗaya suke kuka, watau tsofaffin kaset-kaset ɗin bidiyo da ke jibge a gidaje. Sabili da haka muka ga ya fi kyau mu haɗa su mu amsa a zama guda. Kamar yadda muka saba idan magana ta shafi cikin gida, za mu sakaya sunaye.

Ta farko daga wani manomin shinkafa ce a Bakura. Ga abin da ya ce: "Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina da kaset huɗu na bidiyo a cikin akwatin ƙarfe. Ɗaya na walimar dawowar mahaifinmu daga Makka ne a 1994, a ciki har da inda ya tara mu ya yi mana nasiha. Allah Ya yi masa rasuwa tuni. Bidiyonmu ya daɗe da mutuwa, 'ya'yana kuma ba su san muryar kakansu ba. An ce mini ana iya juye kaset a kan faifai. Shin gaskiya ne? Kuma ba zai lalace ba?"

To, malam, Allah Ya jiƙan mahaifi, Ya kai haske kabarinsa. Gaskiya ne ana juyewa, kuma shawararmu ita ce kada ka jira sai an yi girbi biyu nan gaba. Ka yi shi bana.

Dalili na farko shi ne kaset ɗin kansa. Wannan baƙin zare da ke naɗe a ciki, ai leda ce siririya, aka shafe ta da wani gari mai kama da tsatsar ƙarfe, aka liƙa shi da danƙo. Hoto da murya duk a jikin garin nan suke, maganaɗisu ne ya jera su. Yau da gobe danƙon yakan saki, musamman in ya sha zafi da laima, sai garin ya riƙa zubewa, ko kuma zaren ya manne da juna. Masana sukan ƙiyasta wa irin wannan kaset shekara 10 zuwa 30, gwargwadon yadda aka ajiye shi. Naka kuwa ya riga ya haura 30. Abin da ya taimake mu a nan Arewa shi ne bushewar iska, don laima ce babbar abokiyar gabarsa, shi ya sa za ka ga kaset ɗin da ya kwana a Mafara ya fi wanda ya kwana a Ikko lafiya. Amma akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano, a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ai tanda ce. Haka nan akwatin da aka ajiye a ƙasa a ɗakin da ke jiƙa da damina, musamman ku na bakin fadama.

Dalili na biyu ya ma fi na farko tayar da hankali, kuma shi ne mutane ba su cika lura da shi ba. Injin da zai kunna kaset ɗin shi ke ƙarewa. Kamfanin JVC na ƙasar Japan ne ya fito da irin wannan babban kaset da ake kira VHS a 1976, ya yi zamaninsa, har fina-finan bidiyo na Hausa na farko, irin su Turmin Danya na 1990, duk a kansa suka fito. To amma kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera injin, watau Funai, shi ma na Japan, ya rufe wannan aiki a watan Yuli na 2016. Daga ranar ba sabo. Duk bidiyon da ka gani yau yana aiki, tsoho ne ake lallaɓawa, in bel ɗin robarsa ya tsinke ko kansa ya cinye, sai an yanka wani mataccen an ciro. A 2019 ma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da ƙungiyar masu adana sauti da hotuna ta duniya, sun yi shelar gargaɗi cewa wajen 2025 aikin juye irin waɗannan kaset zai yi wuya ƙwarai sabili da rashin injuna da kayan gyara. To in manyan gidajen ajiya na Turai suna wannan kuka, ina ga mu?

Yanzu ga abin da za ka yi. Ka fito da kaset ɗin ka duba ta gilashin nan na gabansa. In ka ga zaren baƙi ne sumul, an naɗe shi daidai, alhamdu lillahi. In kuwa ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari, ko kamar saƙar gizo, to fumfuna ce. Kada ka wanke da ruwa, kada ka shanya a rana, kada ka sa masa mai, kuma kada ka yarda a cusa shi cikin inji a haka, don zai toshe kan injin, ya kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Ka ware shi daban, ka gaya wa mai aikin tun daga bakin ƙofa, shi ya san yadda zai buɗe ya goge a hankali. Sa'an nan ka duba bayan kaset ɗin, akwai wani ɗan harshe na roba a gefe. Ka ɓalle shi. Muddin an ɓalle, ko wani ya yi kuskuren danna maɓallin ɗauka ba zai goge abin da ke ciki ba. Kafin ranar tafiya ka jera su a tsaye kamar littattafai, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da lasifika da janareto, don akwai maganaɗisu a cikinsu.

Wa zai yi aikin? Kada ka fara da yaran nan masu tura fina-finai da waƙoƙi a waya, yawancinsu ba su taɓa riƙe kaset ba. Ka nemi tsofaffin masu ɗaukar bidiyon biki da masu gyaran rediyo da talabijin, su suka san inda sauran injuna masu rai suke. Ranar Talata in ka shigo kasuwar Mafara ka fara cigiya daga nan. In ba a dace ba sai Gusau ko Sakkwato, in ta kama har Kano. Amma mun san halin da hanyoyinmu ke ciki, ba mu ce ka yi tafiya musamman don kaset ba. Ka haɗa da wata tafiyar da dama za ka yi, ko ka ba ɗan'uwan da ka amince da shi.

Aikin iri biyu ne. Ko dai a haɗa bidiyon da injin da ke ɗauka a kan faifan DVD kai tsaye, ta wayoyin nan masu kai ja da fari da rawaya, ko kuma a haɗa shi da kwamfuta ta wata 'yar na'ura, hoton ya shiga cikinta, daga nan a zuba shi duk inda ake so. Mu dai na biyun muka fi so, za ku ji dalili in mun zo wasiƙa ta gaba. Ko wanne aka bi, ka sani fa aikin ba ya gaggautuwa. Kaset ɗin da aka rubuta E-180 a jikinsa na awa uku ne, kuma sai ya yi awa ukun nan yana juyawa kafin a gama. Duk wanda ya ce maka ka je ka sha fura ka dawo an gama kaset huɗu, to ko dai ya yanke, ko bai san aikin ba. Ku yi ciniki a kan awa, ba a kan kaset ba. Ka kuma tambaya ko yana da sola ko batir, don in aka ɗauke wuta zare na cikin inji, nan ne ake samun tsinkewa. A fara gwada injin da wani kaset marar amfani, a ga ba ya tauna. Tsohon kaset wani lokaci sau ɗaya tak zai yarda ya wuce lafiya, sabili da haka kada a ce bari mu kalla tukuna mu sha dariya, gobe a juye. Kunnawar farko ita ce ta juyewa.

Ga wata magana da muke so ka riƙe da hannu biyu. Masu wannan sana'a suna da wata ɗabi'a, wai su gyara maka aiki. Sai su yanke inda suka ga an daɗe ana magana, su ɗora waƙa a kai, su sa furanni suna yawo a gefe, da sunan shagonsu yana gudu a ƙasa. Kai kuwa muryar mahaifinka ka zo nema. Ka gaya masa a fili: kada a yanke ko minti ɗaya, kada a ɗora kiɗa, kada a rubuta komai. Har inda mai kyamara ya manta ya bar ta tana kallon ƙasa, a bar shi, don sau da yawa a nan ne ake jin muryar wata tsohuwa tana kiran jikanta daga bayan danga. In yana son ya yi mai ado, ya yi daban, bayan ya ba ka na asali.

Kada kuma ka sa rai hoton zai fito tangaran kamar na wayar yau. Yadda aka ɗauke shi haka zai fito, a babbar talabijin ta bango ma sai ka ga ya ƙara dishi-dishi. Ba laifin mai juyewa ba ne. In duk an rasa mai na'ura amma an sami bidiyo mai aiki, to a kafa waya a gaban talabijin, a jingina ta kada ta motsa, a rufe taga, kowa ya yi shiru, a ɗauka. Ba shi da kyau sosai, amma da babu gara ba daɗi.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗan kasuwa ce mai sayar da hatsi a Talata Mafara. Shi ya riga ya juye bikin aurensa a faifan CD shekaru da dama da suka wuce, ya ba yara kaset ɗin suka zare zaren suka yi wasa da shi. Yanzu faifan yana tsalle, wani wuri ya tsaya cik. Ya ce ina mafita?

Alhaji, sai haƙuri. Abin da za a iya gwadawa shi ne a goge faifan da tsumma mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba, sa'an nan a sa shi a kwamfuta a kwashe abin da ya kwasu. Wani lokaci faifan da ya ƙi wannan inji yakan yarda da wancan, sabili da haka a gwada biyu ko uku. In ƙarzuwa ce ta ƙasa, da sauran fata. In kuwa fentin saman ne ya ɓare, har kana hango haske ta cikinsa, to wurin ya tafi. Ka kuma cigita wajen dangin amarya da abokan ango, da shi mai ɗaukar bidiyon in yana raye, don a wancan zamani akan yi kaset biyu ko uku a raba.

Wannan wasiƙa ita ce amsar rabin tambayar mutumin Bakura, da ya ce ko faifai ba zai lalace ba. Zai lalace mana. Faifan da ake ɗauka a shago ba irin na kamfani ba ne, wani rini ne a cikinsa wanda haske ke ƙonawa, kuma rana da zafi suna cin rinin nan. Har ila yau shi ma faifan zamaninsa yana wucewa, yawancin sababbin kwamfutoci ba su da wurin sa shi. Kuma in za a yi, a yi DVD, kada a yi CD na bidiyo irin na da, don hotonsa bai ma kai na kaset ɗin ba. DVD guda awa biyu yake ɗauka da kyau. Kaset mai awa uku a raba shi faifai biyu, kada a matse.

Shi ya sa muka ce a bi ta kwamfuta. In hoton ya shiga can, ka sa a yi maka faifai, a kuma zuba maka a memori ko filash guda biyu. Awa guda mai kyau takan ci wajen giga biyu, ka ga memori mai giga 32 zai ɗauke kaset huɗun nan har da saura. Sai dai a yi hattara da jabu, sun cika kasuwa. Za a rubuta babban adadi a jiki, ciki kuwa ɗan kaɗan ne, sai ya karɓi kaya kamar gaske, ka je gida ka tarar ba ya buɗewa. Kafin ka biya, a kunna maka daga kan memorin, a duba farko da tsakiya da ƙarshe na kowane bidiyo. Shi ma memori ba a jefa shi a akwati a manta, yakan zubar da abin da ke ciki in ya shekara da shekaru ba a sa shi a na'ura ba. Ko da sau ɗaya a shekara, a ce da Sallah, a fito da shi a kalla, bayan 'yan shekaru kuma a sake juyewa a sabo.

Ai ku manoma ba sai an koya muku wannan ba. Wa ke zuba irin shukarsa duka a rumbu ɗaya? Ɗaya a gidanka, ɗaya wajen ɗan'uwa a wani gari. In gidan na mata biyu ne ko uku, kowane ɗaki a ba shi nasa, don mun sha jin inda kaset ɗin marigayi ya zama abin gaba tsakanin 'yan uba, alhali kuwa abu ne da za a iya yi wa kowa. Masu 'ya'ya 'yan boko suna iya sa su ajiye wani a intanet, yana da kyau, amma kada a dogara da shi kaɗai. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, aka yi makonni ba mai iya buɗe komai. In kuma za a aika wa dangi ta WhatsApp, a sani yana rage ƙarfin hoto, sabili da haka wancan na kallo ne, ba na ajiya ba. Shi kuwa kaset na asali, ko an juye shi sau goma, a mayar da shi ɗaki a ajiye.

Kafin mu wuce, ga wani roƙo. Yankin nan naku gidan makaɗa ne. Alhaji Musa Ɗanƙwairo a Ɗankadu ta ƙasar Bakura aka haife shi, ya yi suna da Maradun, ya rasu a 1991. Ga kuma Sa'idu Faru. Muryoyinsu suna nan da yawa a kaset ɗin rediyo, amma hotonsu mai motsi kaɗan ne, don kyamarar bidiyo ba ta yawaita a hannun jama'a ba sai a ƙarshen zamaninsu. Duk wanda ke da kaset na naɗin sarauta ko hawan Sallah ko bikin wani basarake na shekarun 1980, ya duba da kyau. In akwai ɗayansu a ciki yana waƙa da 'yan amshinsa, to abin da ke hannunsa ya wuce na gidansa. Ya juye, ya sanar da iyalan makaɗin, ya kuma nemi malaman Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Tarayya ta Gusau ya nuna musu.

Wasiƙa ta uku wata baiwar Allah ce ta sa aka rubuta mata. Daga wani ƙauye take a ƙasar Maradun, amma rashin zaman lafiya ya sa sun baro shi, suna zaune a gari. Cikin ɗan abin da ta tsira da shi akwai wani ƙaramin kaset, bai kai tafin hannu ba, wanda ƙanin mijinta ya ɗauka ranar sunan ɗanta na fari. Ta ce tana so ta gani, amma tana tsoro, don akwai matan aure a ciki suna rawa a tsakar gida ba mayafi, kada a wayi gari a gan su a wayoyin samari.

Malama, Allah Ya mayar da ku gida lafiya. Ƙananan kaset iri-iri ne. In an rubuta VHS-C a jikinsa, akwai wani gida mai siffar babban kaset da ake saka shi ciki, sai bidiyo na kullum ya kunna shi. In kuwa an rubuta Video8 ko Hi8 ko MiniDV, babu wannan dabara, tilas sai an sami kyamara irin wadda ta ɗauke shi. A fara tambayar ƙanin mijin naki ko tasa tana nan, ko da batirinta ya mutu, don ana iya kunna ta da waya daga wuta.

Tsoron naki kuwa yana kan hanya, kuma ba ke kaɗai ya shafa ba. Matan da ke cikin hoton nan sun saki jiki ne don sun san a cikin gida suke, a lokacin ba wanda ya san za a yi zamanin da hoto zai kewaye duniya kafin la'asar. Wasunsu sun rasu, wasu suna da surukai da jikoki. Haƙƙinsu yana wuyan mai kaset. Sabili da haka ba a barin irin wannan kaset ya kwana a shago. Mijinki ko ɗanki ko wani muharraminki ya je da shi, ya zauna har a gama, a juya fuskar talabijin daga masu wucewa, sa'an nan a goge abin da ya rage a cikin kwamfutar a gabansa, har da kwandon sharar da ke cikinta, don abin da aka goge can yake komawa ya zauna. Mai sana'ar da ya ƙi wannan sharaɗi, a ɗauki kaset a yi gaba. A gida ma kada a zuba shi a wayar yara. A bar shi a memori, a hannunki.

Amma kada tsoro ya hana ki juyewa. Dattawan ƙasar Maradun sun san ƙauyukan da ruwa ya ci bayan an gama dam ɗin Bakolori a 1978. A lokacin ba mai kyamarar bidiyo a ƙauye, yau in yaro ya tambayi yadda garin kakansa yake, sai dai a kwatanta masa da baki. Ke kuwa kina da naku a hannu: ƙofar gida, da rumbuna, da bishiyar da ake zama a gindinta, da fuskokin maƙwabtan da yanzu kowa ya kama gabansa. Ranar da za a fara kallo, a kira tsofaffin da suka rage, a zaunar da yaro mai rubutu da littafi da biro. Duk fuskar da ta fito a tsayar, a ce wannan wance ce, 'yar wane, matar wane, wancan kuma gidan wane ne. A rubuta shekara da sunan ƙauyen da abin da ya tara mutane, a ajiye takardar tare da memorin. Mutumin Bakura, kai ma haka za ka yi da naka.

To jama'a, agogo ya ce mu dakata nan. Masu tambaya a kan tsutsar da ke cin masara da kuma ajiyar albasa, wasiƙunku sun iso, su za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.